Ranar da Na Ƙi Juya wa Malama Baya

A duk makarantar firamaren Horo Birni mace ɗaya ce ke koyarwa lokacin da aka sa ni, kuma ita nake nufi duk inda na ce Malama a nan. Mutuniyar Shagari ce, doguwa, baƙa, ba ta da yawan fara'a. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, wani dattijo ya ba ta ɗaki biyu a gidansa kusa da masallaci, ita da yaran. Albashinta shi ne cinsu, shi ne suturarsu. Ba ta da gona, ba ta da ko akuya, kuma kowa a garin ya san haka, har mu yara.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da daɗin sha'ani. Faɗa nake yi da maza da mata, bakina ba ya mutuwa, muryata kuma ko raɗa na so yi sai an ji ta a bayan katanga. Ranar da na fasa wa ɗan hedimasta baki saboda ya taka mini allo, kowa ya ce tawa ta ƙare, korata za a yi. Malama ta ce a bar mata ni. Na shirya shan bulala, sai ta zaunar da ni gaban teburinta, ta zube mini 'ya'yan tsamiya cike da gwangwanin madara, ta ce in raba su kashi bakwai daidai in gaya mata abin da ya yi saura. Na raba, na faɗa. Ta kwashe kaɗan ta ce in sake, wannan karon kashi tara. Haka muka yi ta yi har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Ita ta gano kaina yana ja a lissafi, ni kuma na gano akwai mutum ɗaya a duniya da nake tsoron ɓata wa rai.

Daga nan kullum bayan la'asar ina gidanta. Tana zaune bisa tabarma tana tsintar shinkafa ko tana tsefe wa ƙaramar ɗiyarta kai, tana jefo mini tambaya da ka, ina amsawa da ka. Ba ta yabo, wallahi ban taɓa jin ta ce na yi ƙoƙari ba. Idan na ci goma a jere sai ta gutsuro ƙuli-ƙuli ta ajiye gabana ba tare da ta dube ni ba. Inna har kishi take yi, takan ce ita dai wahalar haihuwa kawai ta sha, ɗiya ta zama ta Malama. Ban taɓa musa mata ba, don gaskiya ta faɗa.

Da na gama aji shida aka kira ni ganawa a kwalejin horon malamai mata da ke Bodinga. Lokacin kaka ne, Baba yana tsakiyar yankan gero, ya ce ba shi da halin barin gona. Malama ta nemi izini a makaranta ta kai ni da kanta, mu biyu a bayan akori-kura bisa buhunan hatsi, ta riƙe mini hannu duk lokacin da motar ta faɗa rami. Da aka ɗauke ni ita ta ɗinka mini kayan makaranta a keken wata maƙwabciya, ta kuma ba ni akwatinta na ƙarfe mai shuɗin fenti. Ta ce da shi ta je kwaleji a zamaninta. Na karɓa ina murna, ko a mafarki bai zo mini in tambaye ta yadda karatun nata ya ƙare ba. A wurina Malama ta gama sanin duk abin da ake sani.

Akwai abu guda da ya kamata in faɗa game da gidanmu. Kakata ta wajen uba Bafulatana ce, ita ta yi mana tarbiyya, kuma a wurinta babu laifin da ya kai yaro ya zauna ya ba babba baya. In ka gaida babba za ka tashi, da baya-baya za ka ja har ka fita. In wuri ya matse, gara ka tsaya a tsaye yini guda da ka zauna ƙeyarka na kallon fuskar wanda ya girme ka. Na sha muciya a gadon baya kan wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk rashin jin da nake yi, wannan kam ya shiga jinina, har ban san ina yin sa ba.

Shekarar da farar hula suka karɓi mulki na shiga kwaleji. Farkon zuwanmu kam mun sha daɗi. Madara, kifin gwangwani, sabulun wanka da na wanki, duk ana raba mana, har mu kai tsaraba gida. Kafin mu kai aji huɗu abin ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, sai tuwon dawa da miyar da kana iya ganin gindin kwano ta cikinta. Damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada. Muna aji biyar soja suka dawo, aka shiga bin layi kan sabulu da man gyaɗa, aka kuma shiga maganar rage ma'aikata. Can sai ga takarda ta zagaya makarantun firamare, cewa duk malamin da bai kawo cikakken satifiket ɗin malanta ba kafin shekara ta ƙare, sallamarsa za a yi.

A hutun da ya zo kafin jarrabawarmu ta fita na je gaida Malama. Lokacin kaina ya kumbura, ina ganin saura ƙiris in zama wata tsiya. Maganar takardar nan ta taso, ni da dogon bakina na ce ai gwamnati ta yi daidai, gara a share su, mutum bai ci jarrabawa ba ya zo yana ɓata 'ya'yan mutane. Na ce wasunsu ma ko jadawalin sau bakwai ba su iya ba. Na daɗe ina zuba. Malama tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta tambaye ni ko ina samun cin abinci a makaranta, don ta ga na rame. Ta ɗaura mini gyaɗar a leda na tafi.

A lokacin, wadda ta gama kwaleji amma ta faɗi darasi ɗaya ko biyu ana ba ta aikin koyarwa, sai ta riƙa dawowa tana sake rubuta abin da ta faɗi tare da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe. Masu gyara muke ce musu. Wannan shekara saboda takardar sallama sun zo da yawa, daga Danchadi, daga Kajiji, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, wasu da ciki, wasu da goyo an bar wa 'yar raino a gindin bishiya. Sukan zauna can nesa da mu ƙarƙashin dogon yaro, kowa ta ja mayafi, suna bitar tsofaffin littattafai. Mu kuwa 'yan mata muna ta tsokanarsu daga baranda, muna cewa ga iyayenmu sun zo neman albarka. Ni ce kan gaba a wannan shaƙiyancin, ba zan ɓoye ba.

Ranar takardar lissafi da hantsi aka buɗe mana babban ɗakin cin abinci, an jera tebura ɗai-ɗai, kowanne da lamba a rubuce da alli. Lambata ita ce ta ƙarshe a ajinmu, don haka teburina ne na ƙarshe a namu, daga bayana na masu gyara suka fara. An riga an shigar da su. Na taho ina tafiyar isa, don wannan takarda ce da na san ko barci nake zan ci. Matar da ke teburin bayan nawa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi har goshi. Ban ga fuskarta ba, hannunta na gani bisa tebur, dogayen yatsu da tabon ƙunar mai a bayan babban yatsa. Shekara nawa ina kallon hannun nan yana tsintar shinkafa.

Innalillahi. Na ja na tsaya. Na ce a raina ƙarya ne, mai kama da ita ce, ko kuwa an kawo ta tsaron jarrabawa ne ta zauna hutawa. Amma ga lamba a teburinta, ga biro, ga fensir da rula ta jera su kamar kowace ɗaliba. Kuma ba wani darasi ba, lissafi. Matar da ta koya mini rabawa da 'ya'yan tsamiya, ita ce ta zo gyaran lissafi. Nan take maganar da na yi a gidanta ta dawo mini kalma bayan kalma, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen teburinta ba. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta yi magana can ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Tashi ki zamna. Yau ba ki san ni ba, ban san ki ba."

Da na yi abin da ta ce, da duk wannan labari bai taso ba. Na tashi, na dubi kujerata. In na zauna, ƙeyata ce za ta kalli fuskar Malama har awa biyu da rabi. Na kama kujerar na sake ta, na sake kamawa. Kowa ya zauna a ɗakin, ni kaɗai ke tsaye ƙiƙam ba takalmi. Mai tsaron jarrabawar, wani saurayi ɗan birni da aka turo daga wata makaranta, ya hango ni daga can gaba ya tambaya ko lafiya.

"Ranka ya daɗe, a sake mani wuri," na ce. "Ba ni iya ba ta baya. Malamata ce."

Na riga na faɗa muku yadda muryata take. Ɗakin nan kaf ya juyo, mutum sama da ɗari. 'Yan ajinmu da suka gaji da jin labarin Malamata, wadda kullum nake cika musu baki da ita cewa ta fi malaman kwalejin iya lissafi, suka shiga leƙe suna taɓa juna. Wata ta yi dariya ta toshe baki. Mai tsaron ma abin dariya ya ba shi, ya ce ashe yau uwa da ɗiya za su gwada ƙwanji. Ba mugunta ya nufa ba, na tabbata. Ya ce ba a canza layi, amma akwai fili ta wajen taga, a ja teburina baya ya daidaita da nata, shi ke nan ba wanda ya ba wani baya. Ni da kaina na ja teburin yana ƙara a siminti. Na zauna ina jin na yi abin kirki, na fita kunyar malamata. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Aka raba takarda. Na duba, tambaya goma ce, babu wadda na ga za ta gagare ni. Na fara rubutu, amma idona na gefe. Minti biyar ya wuce Malama ba ta taɓa biro ba. Ta ɗora hannu bisa takardar tambayoyi tana kallonta kawai. Minti goma, shiru. Na ce shi ke nan, ba ta iya ba, kanta ya ɗaure. Na tuna yaran nan uku, na tuna ɗaki biyun da ba nata ba, na tuna takardar sallama. Ni da ban taɓa satar amsa ba, ban taɓa ba wani ba, har faɗa nake da masu yi, sai ga ni ina rubutu manya-manya kamar na 'yan aji ɗaya. Na gama tambaya ta farko da ta biyu, na tura takardata bakin tebur ta ɓangarenta, na janye gwiwar hannuna, na yi ɗan tari.

Ta juyo ta dubi takardar, sannan ta dube ni. Tunda nake da ita ban taɓa ganin wannan kallo ba, ba fushi ba ne, kuma har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Sai ta miƙe tsaye. Ta tattara biro da fensir da rula, ta ɗauki littafin amsarta da babu komai a ciki sai lamba, ta tare mai tsaron a tsakiyar layi ta miƙa masa. Ya ce lokacin fita bai yi ba. Ta ce ba ta jin daɗin jikinta. Ya tsaya yana dubanta, can ya kauce ya ba ta hanya. Ta fita tana tafiyarta ta kullum, ba sauri. Shi kuma ya ƙaraso teburina, ya sa yatsa ɗaya ya mayar da takardata tsakiya, ya wuce.

Yadda na rubuta sauran takwas ɗin, Allah kaɗai ya sani. Hawaye na ɗiga a takarda ina sharewa da gefen ɗankwali. Ana cewa a ajiye biro na ruga gindin dogon yaro, ba ta nan. Na roƙi mai gadi ya bar ni na je tasha da gudu, aka ce wata doguwar mata ta shiga motar Shagari tun ɗazu. Na zauna a dakalin wani mai shayi na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, har mutane suka fara taruwa suna tambaya.

Sakamako ya fito, na ci komai. Aka tura ni koyarwa Danchadi, aji huɗu. Ban cika wata biyu ba Baba ya zo kasuwar Bodinga muka haɗu, a bakinsa na ji an sallami malamai biyu a firamaren Horo Birni, ɗaya Malama ce. Ta kwashe yaranta ta koma gidan wanta a Shagari. Ya ce ranar da za ta tafi matan gari sun raka ta har bakin hanya suna kuka, kuma kowa mamaki yake, don ba wanda ya san ba ta da cikakkiyar takarda. Baba bai san abin da ya faru a ɗakin jarrabawa ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Shekara ɗaya da rabi ban je ba. In na shiga motar da za ta bi ta Shagari sai in sunkuyar da kai har mu wuce garin. Abin da na sa a raina shi ne na tona mata asiri a bainar jama'a, sannan na ƙara mata da cin fuska, kunya ta hana ta zama. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara rabawa sai in tuna da ita. Na zama masifaffiya fiye da da, yara suna tsorona, abokan aiki suna kaffa-kaffa da ni. Inna ce ta gaji. Wani hutu ta tsare ni a ɗaki ta ce ita ba ta san abin da ya shiga tsakanina da matar nan ba, ba ta kuma son sani, amma in ban je na gaishe ta ba kada in ƙara taka mata gida. Ta ce ita da ta haife ni ma ba ta yi mini abin da Malama ta yi ba.

Da rani na je, bayan an cire albasa. Gidan wan nata babba ne, cike da mutane. Aka nuna mini can ƙurya bayan rumbuna, inda mata uku ke dakan ganyen albasa suna cura shi gabu, wanda ake shanyawa a kai kasuwa don miya. Aikin lada ne, wani ɗan kasuwa ke kawo ganyen. Warin ya cika wurin har ido na yaji. Na wuce ta ban gane ta ba, sai da ta kira ni. Ta zube, wuyanta ya yi tsawo, hannuwanta sun rine kore har gwiwa. Daga baya na ji babban ɗanta ya bar makaranta an kai shi koyon ɗinki a kasuwa, ta tsakiyar kuma tana tallar gabun.

Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta wanke hannu, ta kawo ruwa. Ta tambayi Inna da Baba, ta tambayi aji nawa aka ba ni da yara nawa ne a ciki, da ko akwai mata da yawa. Ina amsawa ina kallon ƙasa. Can na kasa daurewa, na kifa kaina a ƙafafunta na ce ta yafe mini, ni na kunyata ta, ni na raba ta da aikinta. Ta bar ni na yi kuka mai isata. Sannan ta ce in ɗago, kunya kam ta ji, ba za ta yi mini ƙarya ba, ta ji ta har ƙashinta. Amma wadda ta yi shekaru tana haɗa layi da 'yan cikinta don gyara, kunya ba za ta tashe ta daga kujera ba.

Ta ce mai tsaron ya ga lokacin da na tura takardar. Tun daga can gaba ya gani, ya kuma taso. Da ya iso ya same mu a haka, takardu biyu zai yaga, tata da tawa, kuma ni shekara biyar zan yi asara, a rubuta sunana cikin masu maguɗi. In kuwa babu kowa a kujerar gefena, ba shi da abin kamawa. Shi ya sa ta tare shi a hanya.

Na ce to ai ni gani na yi ta kasa, minti goma ba ta rubuta komai ba. Ta ce sau uku tana faɗuwa takardar nan, kuma duk gaggawa da firgita ke kayar da ita, da ta ji an ce a fara sai ta afka wa rubutu ba ta gama karantawa ba. Wannan karon ta yi wa kanta alkawari sai ta karanta tambayoyin duka sau biyu, ta huce, kafin ta taɓa biro. Tana cikin karatu na biyu na yi tari.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wata leda, ta kwance, ta ciro takardar tambayoyin ranar, wadda ta fita da ita a dunƙule cikin mayafi, da wasu fallayen littafi an ɗinke su da zare. Ta ce ranar da ta iso gida ko mayafi ba ta cire ba, ta rufe ƙofa, ta ajiye agogo gabanta, ta ba kanta awa biyu da rabi cif. Tun lokacin ba ta samu wanda za ta nuna wa ba.

"Ke malama ce yanzu," ta ce. "Duba mani."

Na ciro jan biro daga jaka. Rubutunta ne da na sani, ƙanana a tsaye, kowane mataki a layinsa. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai, kuma ta hanyar da ta fi tawa gajarta, wadda na rubuta mata da manyan baƙaƙe. Ta uku, ta huɗu, ta biyar. Duk maki ɗaya da na sa sai in ji kamar an soka mini allura. Ta bakwai ita ce ta ba ni wahala a ɗakin jarrabawa har na bar rabinta, ita ta warware ta tas. Ban taɓa kaɗuwa irin ta wannan rana ba, ko ranar da na ga hannunta bisa tebur ban kai haka ba. Matar nan ta iya. Da na zauna na ba ta baya na yi shiru, da yanzu tana ajinta.

A ta tara na ga kuskure. Aikin duka daidai ne, a layin ƙarshe ta ɗauko shida ta rubuta tara. Na ɗan tsaya, na ɗaga biro zan sa mata maki in wuce. Ashe tana kallon hannuna.

"A'a. Kin taimake ni sau ɗaya, ya isa. Sa abin da kinka gani."

Na ja layi a ƙarƙashin taran, na rage mata abin da ya kamata a rage. Na duba ta goma, daidai. Na haɗa jimla na rubuta a sama, na miƙa mata da hannu biyu. Ta nisanta takardar da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko wannan zai ci.

Na ce zai ci har ya yi saura. Na ce ya fi abin da ni na samu.

Ta gyaɗa kai. Ta ce dama abin da take son sani ke nan. Na fara cewa ta sake zama bana, ni zan yi komai, zan je in ga duk wanda ake gani, ta ce ko ta ci yanzu ba a ɗaukar kowa, kuma idonta ba ya ganin ƙananan lambobi kamar da. Ta ninke takardun ta mayar cikin leda ta ɗaure. Ɗaya daga cikin matan ta kira ta, ta ce ganyen zai bushe a turmi. Malama ta ce in zauna in huta, a kawo mini fura kafin motar la'asar, ta miƙe ta je ta ɗauki taɓaryarta.